An kafa turaku a fadamarmu, me za mu yi?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na so in bari sai mun haɗu ranar Juma'a, amma abin ya hana ni barci. Jiya da hantsi ina ban ruwa a fangalin albasata, sai ga mota ta tsaya a bakin burtali, mutum huɗu suka fito da na'urar awo mai ƙafa uku. Kafin azahar sun kafa turaku masu jan fenti tun daga tsamiyar mashaya har gangaren da ke kallon kogin Challawa. Turke ɗaya a tsakiyar lambun mahaifiyata yake. Da na tambaye su sai suka ce su aiko su aka yi, wani kamfani ne zai gina rukunin gidaje, wurin ya haura hekta sittin. Ba wanda ya kira mu, ba wanda ya kawo mana takarda. Mai unguwa ma ya ce a bakina ya fara ji. Jama'a, me za mu yi?

Kawu Sarkin Noma:
Wa alaikumus salam. Na je da kaina bayan la'asar na gani. Gaskiya yaron nan ya faɗa. Kada kowa ya taɓa turken nan tukuna, kada kuma a zagi kowa. Amma ku sani, duk abin da suka zagaye shi ne cikin garin nan. Tudu muna nomansa wata huɗu mu zauna. Fadama ce ke riƙe mu sauran wata takwas.

Auta:
Kawu, Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Shekarata 31, an sa mini rana, har yau ba ni da inda zan ajiye matar. Ɗakin da nake haya a Panshekara duk shekara sai an ƙara kuɗi. Mu nawa ne a zauren nan muke haka? Kano ta cika ta tumbatsa, dole ta fito waje, kuma mu ne a bakin hanyarta. In kamfanin nan ya zo za a yi kwalta, a ja wuta, birkiloli da kafintoci da masu walda na garin nan su sami aikin shekaru. Ni ban ga dalilin da za mu ƙi abu tun kafin mu ji nawa za a ba mu ba.

Gwaggo Mai Zogale:
Auta ɗana, ka tsaya in ba ka lissafin da ba a koyarwa a makaranta. Ɗan abin da babanku marigayi ya bar wa yayarka a fadamar nan, sau uku take cinsa a shekara. Damina shinkafa. Ruwa na janyewa a dasa tumatir da albasa da attaruhu. Da bazara a jefa masara a sayar da ita ɗanya. A gefe ga zogale, ga rama, ga alayyafo, waɗanda mu mata muke tsinka mu kai kasuwa mu sayo omo da littafin yara. Zawarawan garin nan da ba su da ko taki ɗaya na ƙasa, da kuɗin tsinkar tumatir suke yin azumi. Su wa zai ba su diyya? Sunansu ba ya cikin takardar kowa.

Ka kuma duba waɗanda suka karɓi kuɗin gonakinsu na tudu shekarun baya. Ba zan kira suna ba, 'yan'uwanmu ne. Wani ya sayi babur, wani ya ƙara aure, wani ya gyara soro. Cikin shekara biyu kuɗi ya ƙare. Yau akwai wanda yake gadi a gidan da aka gina a kan gonar ubansa. Ina ganinsa kullum in zan wuce, sai ya sunkuyar da kai, ni ma in sunkuyar.

Auta:
Gwaggo, na ji, kuma ban musa ba. Amma wannan tudun wa ya sayar? Ba gwamnati ba ce, ba kamfani ba ne. Mu ne muka kira dillalai da 'yan awon igiya suka yanka mana shi fuloti fuloti, ba hanya, ba kwata, ba filin makaranta. Lokacin ba wanda ya buɗe baki. Yanzu da aka zo da tsari sai a ce a'a?

Injiniya:
Auta, maganarka ta tudu gaskiya ce, kuma ciwo ce a gare mu duka. Amma bari in raba maka abu biyu. Ni gini ne sana'ata, ba na ƙin gidaje. Abin da nake ƙi shi ne gida a makwancin ruwa.

Fadama ba fili ba ne da Allah ya bari a banza. Wurin da kogi ke miƙe ƙafa ne idan ya cika. Ruwan Agusta yana fita daga bakin kogi ya bazu a kanta, ya kwanta kwanaki, laka ta zauna, sauran ya nutse ƙasa. Shi ya sa kake tona rijiya a can ka sami ruwa a kusa, shi ya sa ƙasar take baƙa ba ta gajiya. To mai gini ba zai iya ɗora tubali a kan wannan laka ba. Sai ya kawo tifa tifa ta jar ƙasa ya cike, ya ɗaga wurin, ya zagaye da katanga, ya shimfiɗa siminti da kwalta. Ruwan da yake kwanciya a hekta sittin bai fasa zuwa ba. Zai zo, ya tarar an hana shi wurinsa, ya nemi inda ya fi gangare. Ku da kuke gari ku gaya mini, ina ne ya fi gangare bayan fadama? Unguwar Gangare ce, gidajen ƙasa, da makabarta.

Ni a Abuja nake, na ga wannan da idona a Lugbe, kan hanyar filin jirgi. Rukunin gidajen Trademore an gina shi ne a hanyar ruwa, ambaliya ta sha shiga. A watan Yunin 2023 ruwa ya mamaye gidaje 116 a safiya ɗaya, har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i aka fara maganar rusau. Waɗanda suka sayi gidajen ba ɓarayi ba ne, ma'aikata ne da suka tara guminsu. Ka ga ke nan gini a kwari yana cutar na waje, yana cutar na ciki.

Ba ma sai mun je Abuja ba. Kududdufan cikin birnin Kano da aka cike aka yi shaguna da gidaje, ina ruwansu yake zuwa yanzu? Cikin ɗakunan mutane, duk damina.

Sai abu na ƙarshe. Ruwan ƙasa a fadama yana kusa ƙwarai. In aka haƙa masai ɗaruruwa a wurin, ƙazantar cikin ruwan za ta shiga, ta gangara kogi. A kogin nan matatar ruwa ta Challawa take ɗiba ta tura wa birni.

Ɗan Fadama:
Yaya Injiniya, Allah ya saka. Ko yanzu da masu tifa suka matsa wa kogin da ɗiban yashi, bakin ya zaizaye, rijiyoyinmu sun yi ƙasa. Bara sai da na ƙara tiyo kafin injina ya ja ruwa.

Na Zariya Road:
Ai duk wannan laifin 'yan siyasa ne. Wane gwamna ne bai yanka fili ba? Ku dubi rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a Kano, shekara nawa gidaje da yawa suka yi a kulle ba kowa a ciki?

Shugaban Zaure:
Don Allah a bar jam'iyya a waje. A zauren nan akwai mai jar hula, akwai wanda ba ya sawa, kuma ruwa in ya zo ba ya tambaya. Amma akwai abin ɗauka a maganarka, a mayar da ita ga Auta: waɗannan gidajen na rukuni, wa yake iya sayensu?

Auta:
Ranka ya daɗe, na sani ba irina ba ne zai saya. Ban taɓa cewa zan shiga ciki ba. Ina hangen aiki ne da kuma kashi-mu-raba, in za a ba masu gona fuloti a ciki ko a gefe.

Barista:
Salam. Yanzu na fito daga kotu na karanta duka. Bari in faɗi abin da doka ta ce, mai daɗi da marar daɗi.

Marar daɗin tukuna. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, yana riƙe da ita amana. Mu haƙƙin zama da amfani muke da shi. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke wannan haƙƙi saboda maslahar jama'a. Sashe na 29 kuma, wanda shi ne ya fi ci mini rai, diyyar da ya tanada ta abin da ke kan ƙasa ce: gini, shuka, itatuwa, aikin ban ruwa. Ba kuɗin ƙasar kanta ba. Wato za a iya ƙirga tumatirin da ke lambun mahaifiyar Ɗan Fadama a yau, a biya ta na kaka ɗaya, alhali lambun ya ciyar da kakanta kuma zai ciyar da jikanta. Lissafin Gwaggo daidai yake da doka.

Yanzu abin da ke hannunmu. Na farko, ba a soke haƙƙin mutum da turke. Dole a kai masa sanarwa a rubuce, da sa hannun jami'in da gwamna ya ba izini. Ɗan Fadama ya ce ba a kawo ba. Na biyu, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ƙwace ƙasar wani don a miƙa wa wani ɗan kasuwa ya ci ribarsa ba maslahar jama'a ba ce. Shi ya sa za ku ga ana lulluɓe irin wannan aiki da sunan haɗin gwiwa da gwamnati, kuma shi ya sa dole mu san da wace riga aka zo. Na uku, dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike a kan duk rukunin gidajen da ya kai hekta 50, kuma sai an baje rahoton jama'a sun gani sun yi magana. Akwai kuma ƙa'idojin kare dausayi da gaɓar koguna na 2009 da NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya, ke kula da su.

Amma akwai wata hanya da ba ta bi ta kan gwamna ko kaɗan, kuma ita na fi tsoro. Kamfani ya turo dillalai su bi mu gida gida, a saye wannan, a saye wancan. In suka sami rabi, sauran an toshe musu hanyar ruwa da ta shiga, dole su sayar da arha. A nan ba kotun da za ta cece mu, don da hannunmu muka sa hannu.

Kawu Sarkin Noma:
Barista, mafi yawanmu ba mu da takarda. Gado ne, shaidarmu dagaci da maƙwabtan gona.

Barista:
Kawu, rashin takarda bai kashe haƙƙi ba. Dokar ta amince da wanda yake noma ƙasarsa ta gargajiya tun kafin 1978. Amma a rubuta komai yanzu: sunan mai gona, iyakokinta huɗu, abin da ke ciki, hoto da kwanan wata. Har masu aro da masu jingina da matan da ke tsinka a saka su.

Sadauki:
Duk wannan dogon turanci ne. Ku ba mu dare ɗaya, mu matasa, gobe ba za a ga turke ko ɗaya ba. Motar da ta sake shigowa kuma ta ga abin da zai same ta. Sai an nuna musu garin nan da maza.

Baba Tsohon Hedimasta:
Sadauki, jikana, zauna ka saurare ni. Ban cika rubutu a nan ba, idona ya yi rauni, ɗiyata ce take buga mini.

Ina saurayi lokacin da aka yi abin Bakolori, kuma na zauna da mutanen da abin ya rutsa da su. An datse kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wani kamfanin Italiya ya yi aikin, aka gama madatsar a 1978. Manoman da ruwa ya cinye gonakinsu da waɗanda aka baje nasu don aikin ban ruwa suka yi ta jiran diyya. Na ƙasa da madatsar kuma fadamarsu ta daina samun ambaliyar da take shayar da ita, shinkafa ta mutu, kifi ya ragu. Gaskiya tana wurinsu, ba mai musu. Suka tare hanyoyi, suka hana aiki. A watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce mutum ashirin da wani abu suka mutu. Mutanen wurin suna cewa ɗaruruwa. An ƙone ƙauyuka.

Ban kawo wannan don in ce ku kwanta a taka ku ba. Wallahi ina tare da ku, a fadamar nan aka yanke cibiyata. Amma ranar da kuka fasa gilashin mota, daga ranar an daina maganar fadama, an koma maganar 'yan daba, a kwashe ku, iyayenku su sayar da gonar da kuke karewa don su yi belinku. Kada ku ba su wannan kyauta.

Sadauki:
Na ji, Baba. Allah ya huci zuciyarka. Amma in takarda ba ta yi aiki ba fa?

Baba Tsohon Hedimasta:
Sai mu fita gaba ɗaya da rana tsaka, da mata da tsofaffi, da 'yan jarida, mu zauna a gonakinmu. Ni za a fara ɗauka a kujera a kai.

Surukinku na Yamai:
Salamu alaikum surukaina. Ku bar ni in sa baki, ɗiyarku na gidana. Mu nan Yamai mun ga irin wanga. An dasa dajin kariya kewaye da birni tun 1965, yawanci dogon yaro, don shi tsare mu daga iska da rairayi. Sannu sannu anka yanka shi fili fili, kowa na cewa nashi kaɗan ne. Bakin kogin Isa, wato kogin Neja, kuma mutane sunka gina inda ruwa ka kwana. A 2020 kogin ya kai tsawon da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ya fasa shinge, ya shiga unguwannin ƙetaren gada, ya cinye gonakin shinkafar unguwar Saga. Mutane sunka kwana makarantu. Abin da nike so ku riƙe: ba a rana guda aka cinye irin wanga wuri ba. Mutum guda ka fara saidawa.

Malam Na'ibi:
Allah ya yi muku albarka. Ta fuskar addini, malamanmu na fiƙihu sun yi maganar hurumin rijiya da hurumin kogi, wato sararin da ke kewaye da ruwa wanda ba a yarda wani ya killace shi ya hana jama'a da dabbobi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Ya kuma ce ba cuta ba cutarwa. Mutum yana da ikon sayar da gonarsa, wannan halal ne, kada a kafirta kowa a kansa. Amma in ya san sayarwar za ta tura ruwa ɗakin maƙwabcinsa, to ya tambayi zuciyarsa. Zan yi wa Liman magana a taɓo batun a huɗuba.

Ɗan Ardo:
Ina gaisuwa. Ba a ambace mu ba sai a gefe, to bari in ambaci kanmu. Turakun nan sun haɗa da burtali da mashaya. In aka katange, shanunmu ba su da hanyar kogi sai ta cikin lambunan da suka rage. Kun san abin da zai biyo baya, kuma a lokacin ba za a ce kamfani ne ya jawo ba, za a ce Fulani ne. Duk takardar da za a rubuta a sa sunan Ardo a ciki.

Kawu Sarkin Noma:
Za a sa, kuma a sama. Ka gaida mini Ardo.

Injiniya:
Ina so kada mu je wurin hukuma da a'a kaɗai. Auta yana da gaskiya, garin nan yana buƙatar gidaje, birni ma haka. Jigawar da ke arewa da makarantar firamare, wadda ko gero ba ya yi sosai, ƙasa ce mai tauri, ta fi fadama sauƙin gini nesa ba kusa ba, ba sai an cike ba. In masu ita sun yarda da farashin da ya dace, a yi can, da sharaɗin kwata da hanya da kason fuloti ga 'yan gari. Abin da ya sa ake son fadama shi ne a takarda arha ce, kuma ana tallata ta da cewa gida a bakin ruwa. Tun farkon shekarun 1990 gwamnati da Bankin Duniya suka fara zuba kuɗi a shirin Fadama don a bunƙasa noman rani. Injinan da ke lambunanmu wasu daga nan suka fito. Mu tuna musu da wannan. Zan zo ranar Alhamis da taswira, in auna inda ruwan 2022 ya tsaya, alamar tana nan a jikin katangar makabarta.

Shugaban Zaure:
To ga yadda za a yi. Gobe bayan azahar Kawu da Ɗan Ardo da Malam Na'ibi za su je wurin dagaci, daga nan a nemi ganin hakimi. Barista zai rubuta wa ma'aikatar ƙasa da hukumar tsara birane da ma'aikatar muhalli da hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, a tambaya a rubuce: wa ya ba da izinin awo, kuma ina rahoton muhalli. Ɗan Fadama da Sadauki, ku ne za ku zagaya da littafi gona gona. Gwaggo ta haɗa sunayen mata. Kowa ya riƙe hannunsa, kada a sa hannu a kan komai kafin taron Juma'a.

Auta:
Ranka ya daɗe, akwai abin da na riƙe tun ɗazu, kuma bayan maganar Barista ba zan iya ci gaba da riƙewa ba. Dillalai sun riga sun shigo. Sati biyu ke nan. Babban yayanmu ya karɓi kafin alƙalami a kan gonar babanmu ta bakin mashaya, ya ce da shi za a yi mini lefe da ɗaki. Shi ya sa kuka ji ina ta karewa. Gonar ba a raba ta ba, akwai kason yayyena mata uku a ciki, kuma ba a gaya musu ba. Na san aƙalla gida biyu da aka je bayan namu.

Barista:
Auta, ka yi abin da ya dace. Gadon da ba a raba ba, mutum ɗaya ba shi da ikon sayar da shi. Kuɗin yana nan ko an taɓa?

Auta:
An taɓa kaɗan, an sayi akwatuna.

Kawu Sarkin Noma:
Abin da aka taɓa za mu haɗa a cike a mayar. Ni na ɗauki buhu biyu na shinkafa. Kada wanda ya je wa yayansa da faɗa, ɗana ne, bukata ce ta kai shi. Ka turo mini sunan gidaje biyun a waya, ba a nan ba.

Gwaggo Mai Zogale:
Ɗakin da ke ƙofar gidana babu kowa tun da Inna ta rasu, a yi masa shafe ka sa amaryarka kafin Allah ya hore. Ka gaya wa yayanka ina zuwa bayan isha'i, kuma ya kira 'yan'uwansa mata su zo su zauna.